Yadda Ake Kwashe Ɗakin Ajiya Kafin 'Yarka Ta Zo Goyon Ciki

Malam mai karatu, in kana da ɗaki a gidanka wanda ƙofarsa ba ta buɗuwa sai an sa kafaɗa, kuma kana da 'ya da aka aurar bara wadda yanzu ta fara tafiya da hannu a ƙugu, to wannan darasi naka ne. Na yi maka alkawari, in ka bi matakan nan ɗaya bayan ɗaya ba tsallake, 'yarka za ta samu inda za ta kwanta, matarka za ta daina dire maka kwanon tuwo da ƙarfi, zumunci kuma ba zai yi ko ƙwarzane ba. Hanya ce gwadajjiya. A kan mutum mai rai aka gwada ta, wato Malam Ubale na Angwan Iya a nan Keffi, tsohon ma'aikacin sakatariya da ya yi ritaya da mutuncinsa, kuma har yau yana nan da ransa.

Ga matsalarsa a taƙaice, don ka auna da taka. 'Yarsa ta fari, Naja'atu, tana aure a Mararaba, cikinta na fari ya tsufa. Haihuwar fari kuwa a gaban uwa ake yin ta: yarinya ta dawo gida goyon ciki, ta haihu, uwarta ta yi mata wankan jego har arba'in. Ɗakin da za ta sauka shi ne nata na 'yanmatanci, kuma ɗakin nan ya cika har rufi da kayan mutane. A gefe guda ga uwar mijinta, Hajiya Mu'mina, mai sabon gida a bayan gari, da ɗakuna a share suna jiran mai shiga. In ɗakin gidan Malam Ubale bai samu ba, can za a kai Naja'atu, matarsa Saratu kuma ta je ganin jikanta na fari da sallama, kamar kowace 'yar barka.

Ka gyara zama.

Mataki na ɗaya: Ka yarda laifinka ne

Ɗaki ba ya cika da kansa. Ranar da aka kai amarya, ka bar ƙofar ɗakinta a buɗe wai don ya sha iska. 'Yan biki suka gani. Kai kana tsammanin jimamin rabuwa ne ya sa danginka ke tsayawa a bakin ƙofar su yi shiru. Awo suke yi da ido.

A gidan Malam Ubale, ƙanensa Nasir ne ya buɗe fage. Mai gidan hayarsa a Abuja ya ƙara kuɗi, ya koma ƙaramin gida, sai ga firiji da janareta da talabijin mai ƙaton baya da kujerun falo, wai "kafin in daidaita". Bai daɗe ba dangi suka mayar da tsohon gidan mahaifinsu ɗakunan hayar ɗalibai, kamar yadda rabin Keffi ta yi, aka kwaso kayan marigayi aka kawo wa Malam Ubale, tunda shi ne mai ɗaki a banza. Daga nan ƙofa ta buɗe wa kowa. Ɗalibi zai tafi hutu ya kawo katifa. Maƙwabciya ta aurar da 'ya, robobin rabon biki suka rage, ta kawo buhu guda, kowace roba da hoton ango da amarya suna murmushi.

Duk wanda ya kawo, kalma ɗaya yake bari a bakin ƙofa: amana. Ka kula da kalmar nan. Shara ana zubarwa, tarkace ana ƙonawa, amma amana sai an tashi ƙiyama ake buɗe maganarta.

Mataki na biyu: Ka nemi ra'ayin matarka, ka kuma gaskata abin da ta ce

Namiji mai ilimi ba ya yanke hukunci shi kaɗai. Ka samu matarka tana tankaɗe, ka tambaye ta ko ya zama dole yarinyar ta dawo gida.

In matarka irin Saratu ce, wadda aka raina da kunyar ɗan fari, to tun ranar suna ba ta taɓa kiran sunan 'yar nan ba. Ba ta ɗaukarta a gaban mutane, ba ta yabonta, ko ranar bikinta a kicin ta wuni wai hayaƙi ne ya sa mata hawaye. Don haka ba za ta ɗago kai ba. Abin da ta ce wa Malam Ubale shi ne:

"Yarinyar nan, in suna son riƙe ta can, su riƙe. Ni ba ruwana."

Ka karɓi wannan magana hannu biyu. Ka ɗauke ta tamkar takardar da shugaban sashe ya sa wa hannu. Ba ruwanta, ita ta faɗa da bakinta, kana da shaida.

Bayan haka za ka fara ganin wasu abubuwa a tsakar gida. Amalanke zai kawo itace. Wani amalanken zai sake kawowa. Wata ƙatuwar tukunya da ba ka san da ita ba za ta fito ta zauna a kan duwatsu uku. Za a sayo kanwa, a surfa gero, a daka yaji har kowa a gidan ya yi ta atishawa. Kada ka haɗa waɗannan da komai. Malam Ubale ya tambayi dalilin itacen, Saratu ta ce gas ya yi tsada. Gaskiya ne kuwa, ya yi tsada. Ya koma kujerarsa hankali kwance.

Mataki na uku: Ka buɗe ɗakin, ka duba, ka rufe

Wannan shi ake kira nazari, kuma duk wanda ya yi aikin gwamnati ya san ba a fara aiki sai da shi.

Masu ba da shawara a waya za su ce maka duk abin da ka shekara ba ka taɓa ba, ka zubar. Wanda ya ƙirƙiro wannan ƙa'ida ba shi da ƙane a Abuja. Ka bar shi da ƙa'idarsa.

Ka fara da abu mai sauƙi, don ka ji daɗin nasara. Malam Ubale ya jawo kwalin da ya fi kusa da ƙofa, ya tarar tsofaffin kalandu ne. Ya nufi bola da su, sai ya lura kowace da aya a samanta. Takarda mai aya ba ta shiga shara. Sai dai a ƙona ta a wuri mai tsarki, a binne tokar inda ƙafa ba ta takawa. Ya tsaya yana tunanin inda ƙafa ba ta takawa a Angwan Iya, har aka kira azahar. Ya mayar da kwalin inda yake, ya rufe ƙofa, ya gaya wa Saratu an fara aiki.

Ta ƙara ice ɗaya a kan tsibin itacen.

Mataki na huɗu: Ka kira mai kaya, amma kada ka ambaci kaya

Ba a kiran ɗan'uwa a ce ya zo ya kwashe kayansa. Wannan rashin tarbiyya ne. Ka gaishe shi, ka tambayi iyali, ka tambayi kasuwa, ka yi masa jajen cunkoson hanyar Nyanya. Sannan ka ce, kamar abin ya faɗo maka ne yanzu, ai 'yarsa Naja'atu ta kusa dawowa gida. Ka jaddada cewa 'yarsa ce. Mai hankali zai gane.

Nasir ya gane sarai. Shi ya sa ya sauke murya.

"Yaya, ni da kai ba ta haka. In kayan nan sun takura maka, ka sa a fitar mini da su bakin titi kawai. Ruwa ya dake su, ba komai. Allah na nan."

Ka lura da gwaninta. Ba ka ce titi ba, shi ya kawo titi. Yanzu aikinka ya koma rantsuwa cewa kayan ba su takura maka ba, hasali ma suna ɗebe maka kewa. Malam Ubale ya rantse. Nasir ya yafe masa, ya kuma yi alkawarin zuwa ƙarshen mako da mota.

Ya cika alkawari. Da Malam Ubale ya ga a-kori-kura ta tsaya a ƙofar gida, har ya fara yi wa ƙanensa addu'a a zuci. Sai da ya matso ya ga bayanta ba fanko ba ne. Teburin cin abinci ne, da kujerunsa, wai tunda motar za ta zo, asara ce ta zo haka nan. Nasir ya shiga ɗakin ya daɗe yana dube-dube, ya fito da rimot ɗin talabijin a aljihu, ya ce sauran sai ya daidaita. Ya ci tuwo, ya yaba miya, ya tafi.

Mataki na biyar: Ka nemi fatawa a kan kayan marigayi

Tunda kayan rayayyu sun gagara, ka juya ga na mamaci, wanda aƙalla ba ya ɗaukar waya.

Kayan mahaifin Malam Ubale ba su da yawa: adaka mai tsatsa wadda mabuɗinta ya ɓata, rediyon da ya daina magana tun kafin mai shi ya daina, keken ɗinkin mahaifiyarsu da babu ƙafa, da turmi da ya tsage gida biyu. Babu mai so. Amma ka gwada ɗaga ɗaya ka gani.

Malam Ubale ya fito da turmin tsakar gida da niyyar a faskara shi a ƙara a itacen Saratu. Kafin a samo gatari, labari ya kai wa yayarsa Halimatussa'adiya, wadda kowa ke kira Yaya Sadiya. Ta iso a kan acaɓa, mayafi a hannu. Ta zauna kusa da turmin ta dafa shi kamar mai duba marar lafiya, ta tuna masa cewa a cikinsa aka daka yajin sunansa. Ta ga keken ɗinki ta fashe da kuka. Ya ce to ta ɗauka mana, ita ta fi kowa cancanta.

"In kai ina, Ubale? Ɗakina a cike yake. Kai da Allah ya hore wa wuri."

Aka kira limamin unguwa ya raba gardama. Liman ya saurara, ya shafa gemu, ya ce kayan nan ba a raba su ba, don haka na magada ne gaba ɗaya, kuma ba a taɓa su sai kowa ya hallara ko ya aiko da yardarsa. Magaji ɗaya yana Fatakwal. Ɗaya ba ya magana da Yaya Sadiya. Ɗaya kuma ya rasu ya bar yara ƙanana. Ka taɓa tunanin akwai haƙƙin maraya a jikin tsagaggen turmi? Akwai. Liman bai yi ƙarya ba, kuma kai ka kira shi.

Aka tsayar da taron dangi zuwa babbar Sallah. Cikin Naja'atu dai ba a shawarce shi a kan wannan rana ba.

Ka mayar da turmin ɗaki da hannunka, a hankali, Yaya Sadiya na kallo.

Mataki na shida: Ka yi kyauta

A can ƙuryar ɗakin za ka tarar da abu ɗaya wanda naka ne halak malak. Malam Ubale ya tarar da tsohon kekensa na hawa, wanda ya yi zuwa ofis da shi kafin ya yi babur. Ba sarƙa, ba birki, sirdin ya zama gidan gizo-gizo.

Ka nemi mutumin kirki ka ba shi. Nan ne kuskuren, amma ka yi shi, kowa na yi. Malam Ubale ya tuna da Ruben, abokinsa tun firamare, manomi a Agwada. Ya ɗora keken a motar kasuwa ya aika masa, ya dawo ya tsaya yana kallon gurbin da keken ya bari, faɗin tabarmar sallah, yana jin kansa kamar wanda ya ci zaɓe.

Abin da ya manta shi ne, a ƙasar nan ba a yi wa mutumin kirki kyauta ya zauna da ita haka nan. Ranar kasuwa sai ga Ruben da kansa, fuska cike da fara'a, yana cewa duk abokansu na makaranta da suka zama manya ba wanda ya tuna da shi sai Ubale. A bayansa ana sauke doya. Ba doyar a ci yau a gama ba, doyar mutumin da ya ji daɗi har zuciya. Da aka gama sauke doya aka sauko da agwagi biyu, mace da namiji, don su yi yawa.

Doya ba ta son rana, ba ta son ruwa, tana son ɗaki mai inuwa. Ka san ɗakin. Ta cinye gurbin keken, ta haura kan kujerun Nasir. Agwagin kuwa suka zaɓi gindin itacen Saratu.

Darasi: in za ka yi kyautar rabuwa da kaya, ka nemi marowaci ko butulu. Suna da amfaninsu, ba a dai faɗa ne a wa'azi.

Mataki na bakwai: Ka kai gyara

Yanzu muka zo kan ilimin gaske, wanda ba a koyarwa a jami'a.

A garin nan ba a zubar da kayan lantarki. Gyara ake kai su. Shagon mai gyara maƙabarta ce da ba a zaman makoki: ka kai, ya ce ka dawo jibi, ka ce to, ku duka biyu kun san ba za ku sake tayar da maganar ba har abada. Mafi daɗi kuma, ba wanda zai zarge ka. In Nasir ya tambayi firijinsa, ka ce ka ga yana neman lalacewa ne ka kai masa gyara. Dole ya yi godiya.

Malam Ubale ya ɗauki shatar keke mai ƙafa uku, ya kwashi firiji da janareta da talabijin zuwa Sabon Gari, shagon Boaz, wanda ya daɗe yana yi masa irin wannan hidima. Boaz ya manna takarda a jikin kowanne ya rubuta suna, ya tura su bayan shago inda 'yan'uwansu suke, ya ce jibi. Malam Ubale ya ce to.

Ranar, a karon farko tun bayan biki, aka ga simintin tsakiyar ɗakin. Saratu ta zo wucewa, ta tsaya, ta koma ta ɗauko tsintsiya ta share wurin. Miyar ranar har da nama biyu.

A nan ya kamata ka tsaya. Ka rufe bakinka. Amma mutumin da ya yi nasara sau ɗaya ba ya iya shiru, sai ya zama malami. Malam Ubale ya bi ta Sabon Gari bayan kwana biyu, ya zauna a bencin Boaz, ya shiga yi masa lacca a kan amfanin sarari: yadda tarkace ke toshe tunani, yadda iska ke ƙara lafiya, yadda mutum ba ya sanin girman wurinsa sai ya kwashe shi. Ya yi magana mai kyau ƙwarai. Boaz ya ajiye abin da yake kwancewa, ya juya ya daɗe yana kallon bayan shagonsa.

"Baba, maganar nan ta shige ni," in ji shi. "Madam ɗina Anjelina ta daɗe tana faɗa, ban ji ba sai yau."

Washegari keke biyu suka tsaya a ƙofar gidan Malam Ubale. Firiji, janareta, talabijin. Sai kuma fanka mai tsayuwa, rediyo mai kaset, dutsen guga, bidiyo, da wani injin markaɗe da Saratu ta yi shekaru tana zargin 'yar aiki da sacewa. Duk abin da ya taɓa kaiwa gyara tun yana matashin ma'aikaci, kowanne da sunansa a manne, da rubutu mai kyau. Boaz mutum ne mai riƙon amana. Ya ce ba sai an biya komai ba, tunda ba a gyara komai ba.

Mataki na takwas: Ka karɓi baƙuncin surukai da sakin fuska

Labari ba ya ɓuya a Keffi, balle labarin da ya zo a keke biyu. Ba a jima ba Hajiya Mu'mina ta zo gaisuwa.

Ka shimfiɗa mata darduma a inda ba za ta ga ƙofar ɗakin ba. Ba zai yi amfani ba, don ƙofar ta daina rufuwa, ƙafar teburin Nasir ta leƙo waje, amma ka gwada. Hajiya Mu'mina ta sha zoɓo, ta yaba tsibin itace, ta tambayi ko agwagin na sayarwa ne. Ta ce Taufiq, wato ɗanta mijin Naja'atu, ya ce likita ya ce ko yaushe daga yanzu. Sannan ta gyara mayafi ta yi murmushi irin na mai taimako.

"Ni dai na ce kada ku wahalar da kanku, Hajiya Saratu. 'Yarku 'yarmu ce. Ɗaki na nan a gyare, har labule na sa an ɗaura. Ku huta abinku, ranar suna sai mu aiko mota ta ɗauke ku."

Ka tuna mataki na biyu. Kana da magana a hannu, daga bakin mai ita. Malam Ubale ya tuna, ya yi gyaran murya ya ce ai kuwa da an huta, dama ita ma uwar ta ce ba ruwanta.

Saratu tana tsiyaya zoɓo a kofi. Ta ci gaba da tsiyayawa har ya cika, ta ajiye jug ɗin, ta goge hannu a zani.

"Naja'atu a gidan nan za ta haihu," ta ce. "Ni zan yi mata wanka. Ranar Asabar a kawo mini ita."

Ba ta ɗaga murya ba. Amma tsakar gidan ta yi tsit, don ba a taɓa jin sunan nan daga bakin nan ba. Malam Ubale har ya waiga ya ga ko wata ce ta shigo. Hajiya Mu'mina, wadda ita ma ta san abin da ake nufi da ɗan fari, ta sunkuyar da kai ta ce Allah ya kai mu, ta nemi takalmanta.

In haka ta faru a gidanka, kada ka tambayi a wane ɗaki. Ba kai ake jira ba kuma.

Mataki na tara: Ka tafi masallacin Juma'a da wuri, ka daɗe a majalisa

Wannan mataki ba ya buƙatar komai daga gare ka sai rashinka.

Malam Ubale ya saka babbar riga ya fita tun hantsi. Bayan an sauko ya tsaya majalisa, aka gyara Najeriya, aka raba wa gwamnoni laifi, ya nufo gida wajen la'asar yana shirya jawabin da zai yi wa Saratu a kan cewa gaggawa ba ta da kyau.

Ɗakin ajiya na nan yadda ya bar shi. Ko ƙafar teburin ba a taɓa ba. Ɗakinsa ne a buɗe, nasa na kansa, babban nan mai taga biyu da ke kusa da banɗaki. An share, an wanke, an kunna turaren wuta. Katifa sabuwa a ƙasa, gidan sauro a ɗaure. Bango ya fito fari, ashe fari ne.

Saratu ta yi lissafin da shi bai yi ba. A duk gidan, ɗakin nan kaɗai ne kayan cikinsa ba su da mai su a Abuja, ba su da maraya, ba sa jiran babbar Sallah. Jakunkunan semina na shekara da shekaru, kowace da biro da ya bushe a ciki. Takardun shaidar halartar bita. Jaridun da ya ajiye don zai sake karantawa. Takalman da ƙafa ɗaya ta ɓata, hulunan da suka koɗe, wayoyin caja na wayoyin da suka mutu. Ta kira matan maƙwabta, ta tsayar da mai gwangwan da ke wucewa da amalankensa, mai ƙosai ta aiko aka kwashe mata jaridu. Tsakanin huɗuba da la'asar aka gama abin da ya gagari nazari.

Malam Ubale ya tsaya a bakin ƙofa, carbi na lilo a hannunsa.

"Saratu, ina kayana?"

"Wanne daga ciki, Malam? Faɗi ɗaya in nemo maka."

Ya buɗe baki. Ɗaki guda cike da kaya, shekara talatin yana kwana a tsakiyarsu yana hana a taɓa. Ya nemi sunan abu ɗaya a kansa, ya rasa. Ya dubi rufi. Can dai ya ce, da ƙarfin wanda ya samu mafita, takardun fanshonsa.

Ta zaro su daga ƙarƙashin hammata, a naɗe cikin leda, ta miƙa masa. Ta ce tufafinsa da littattafan addini suna zaure, tare da gadonsa, an kuma ɗaura masa labule.

Mataki na goma: Ka gano alherin zaure

Kada ka yi fushi. Fushi na buƙatar ɗakin da za a shiga a rufo ƙofa, kai kuwa ba ka da shi.

Ka duba fa'idodin. Zaure na da iska ta gaba da ta baya. Ba ka makara sallar asuba, don ladan kamar a kunnenka yake. Ba a sake shigo da ajiya gidan ba tare da saninka ba, tunda sai an tsallake ƙafarka. Abokan majalisa in sun tambaya, ka ce likita ne ya ba ka shawarar canjin iska.

An kawo Naja'atu ranar Asabar. Ta sauko daga mota da ƙyar, ta gaida mahaifinta a zaure tana kallon gadon da mamaki, ya ce mata gyare-gyare ake yi. Uwarta ta tarye ta a tsakar gida, ba ta rungume ta ba, ba ta ko kalli fuskarta sosai ba. Cewa ta yi, "Yarinyar nan, kin rame," ta karɓe jakar hannunta ta wuce gaba. Kunya ta koma mazauninta, aikinta ya riga ya ƙare.

Ba a yi mako biyu ba ta sauka lafiya, aka samu namiji. Tsibin itace ya fara raguwa, hayaƙin ruwan wanka na bi ta zaure safe da yamma, Malam Ubale na tari yana amsa barka. Hajiya Mu'mina ta zo da motarta, ta yi sallama, aka ce ta shigo.

Bayan suna da 'yan kwanaki, Malam Ubale ya ga Saratu ta fito shan hantsi da jaririn a kafaɗa, fuskarta a sake yadda ya daɗe bai gani ba. Ya ga dama ta samu. Ya tambaya, cikin ladabi, ko bayan arba'in mutum zai iya sa ran komawa ɗakinsa.

Ta ɗaga jikan sama tana yi masa wasan kaka, tana kiransa angonta, mijinta na ƙarshe.

"Ka ji tsohon nan, ango? Wai ɗaki yake nema." Ta juyo. "Malam, ni fa na yi sabon miji. Ka gode Allah tsohon ban ba mai gwangwan ba, zaure kawai na fitar da shi."

Ka yi dariya. Kowa a tsakar gidan yi yake, kuma ba a ba ka amsa ba.

Sanarwa

Mai wannan rubutu ba ya ɗaukar alhakin ciwon baya, cizon sauro, sanyin asuba, ko raguwar kwarjinin maigida a idon masu tallan da ke leƙowa zaure. Ba ya karɓar ƙara daga ƙanne, yayye, magada ko surukai, kuma ba ya zuwa shaida gaban liman. In ka bi matakan nan abin ya zo maka da wani salo, matarka ce daban, ba darasin ba. Mai neman ƙarin bayani ya tafi Angwan Iya ya tambayi gidan Malam Ubale. Ba shi da wuyar samu yanzu. Kana yin sallama, shi ne abu na farko da za ka tarar.